Abin da Shuɗiya Ta Share

"Na ce ba za a saka manhajar nan ba."

"Yaya, ko kallonta ba ka yi ba."

"Na kalla. A shagon Zaharadeen na gan ta. Sai ta gama juyi da shiri kafin ta buɗe, kamar mai neman mayafi. Ina da lokacin wannan?"

"Kwamfutarsa ce ba ta da ƙarfi."

"Tamu kuma jirgin sama ce?"

Musaddiƙ ya san idan Sama'ilu ya fara amsa magana da tambaya, zance ya ƙare. Ya juya ya ci gaba da tura wa wani ɗan acaɓa waƙoƙi a memori, yana danna mawus da ƙarfin da bai kamata ba.

Shagon nasu ƙarami ne, a unguwar Kanti ta Kazaure, tsakanin mai gyaran fanka da mai katin waya. Benci ɗaya, tebur ɗaya, sifika biyu a bakin ƙofa, sai babbar kwamfuta da Sama'ilu ya saya tun Musaddiƙ yana aji ɗaya a sakandare. Sana'ar turi ce: mutum ya kawo waya ko memori, a zuba masa waƙa ko wa'azi ko fim, ya kama gabansa. Sama'ilu ne ya kafa wurin. Musaddiƙ ƙaninsa ne, ya shigo bayan ya gama makaranta da niyyar ya zauna wata uku kafin a kira shi karatu a Poli. Shekara huɗu ke nan.

A kan manhajar kunna waƙa suke rigimar. A Kazaure masu turi ba sa kiran manhaja da sunanta na Turanci, launi suke bi. Akwai Baƙa, tsohuwa, 'yar mitsitsiya a gefen allo, da korayen layuka masu tsalle idan kiɗa ya tashi. Ba ta neman data, ba ta tambayarka komai. Ka jefa mata folda, ta bi ta daga sama har ƙasa. Ita Sama'ilu ya riƙe shekara goma sha biyu. Akwai Mai-lemo, wadda ba ta da tsari ko kaɗan amma ba ta ƙin abinci: fayil ko ya lalace, za ta yi ƙoƙarin kunna abin da ya rage. Ita ake kira idan sauran sun gaza. Sai kuma Shuɗiya, wadda aka saki sabuwar fitowarta, ta biyar, ranar Lahadi, ita ce Musaddiƙ ke so a saka.

"Yaya, dubi layin nan." Musaddiƙ ya nuna allo bayan ɗan acaɓan ya tafi. Layin da ke nuna cikar rumbun kwamfutar ya yi jajawur tun kafin azumi. Duk sabon fim da za a saka, sai an fitar da wani. "Sabuwar tana nemo duk abin da aka ajiye sau biyu, ta cire. Ka san yawan waƙar da muke da ita sau uku-uku?"

"Na sani. Ni na ajiye su."

"To?"

"To me? Abin da zai share mini kaya ban gani ba, ba na son sa a shagona."

A shagona. Musaddiƙ ya ji kalmar, ya haɗiye ta.

Maganar da ba a yi ba ta fi wadda ake yi nauyi. Sama'ilu ya sami aiki a sakatariyar Roni, ɓangaren kwamfuta, farkon wata zai fara. Har yanzu bai ce ga wanda zai bar wa shagon ba. Zaharadeen, mai shagon turi na bakin tasha, ya zo sau biyu yana zagaye-zagaye, yana so ya haɗe shi da nasa. Mahaifiyarsu ta ce a bar wa Musaddiƙ. Sama'ilu ya ce zai duba. Sati uku ke nan yana dubawa, kuma Musaddiƙ ya san abin da ake dubawa: ko yaron nan zai iya riƙe abu.

Ranar Laraba da safe Sama'ilu ya tafi Dutse horon kwana uku. Ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa.

"Yadda ka tarar da ita, haka zan tarar da ita."

"Allah Ya kiyaye hanya," in ji Musaddiƙ.

Ba ciniki sosai da safen. Rana ta hau kan duwatsu, titi ya yi fari. Ya buɗe guruf ɗin hira na waya na masu turi na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, ya tarar da saƙon murya sama da saba'in, duk a kan Shuɗiya. Wani daga Gwiwa yana rantsuwa ta cinye masa data kafin ma ta ce masa sannu. Wani daga Babura ya ce duk wanda bai saka ta ba ya koma sayar da kaset. Wani ya yi minti huɗu yana faɗa saboda an ɗauke madannin ƙara ganga daga inda ya saba ganinsa an kai shi can ciki. Wani dattijo a harkar ya ce shi da Baƙa sai mutuwa, aka aiko masa da hoton sandar tsofaffi. Ba wanda ya canza ra'ayin wani.

Bayan azahar ya sauke Shuɗiya a kwamfutar.

Ba ta yi juyin da Sama'ilu ya ce ba. Ta ɗan yi, amma ba sosai ba. Ya buɗe ta a hagu, ya buɗe Baƙa a dama, ya saka musu waƙa ɗaya. Sautin bai bambanta ba, ko da ya so ya bambanta. Inda ta fi shi ne nema. A Baƙa, idan mutum ya zo yana son wata waƙa, sai ka tuna foldar da take, ka shiga wata cikin wata, kamar mai neman ɗaki a gidan gandu. Sama'ilu ne kaɗai ya haddace hanyoyin. A Shuɗiya harafi uku za ka rubuta, ta jero maka. Kuma tana daidaita ƙarar waƙoƙi, ba sai wata ta zo tana raɗa wata ta fasa kunnen mai gyaran fanka ba. Abin da bai yi masa ba, ta cika son hoto. Duk waƙar da ba ta da hoton mawaƙi sai ta manna mata wani farin faifai, allo ya cika da fararen faifai kamar shanyar kwano.

Ya nemo madannin da ya kawo shi, na cire abin da aka ajiye sau biyu. Ita ba suna take dubawa ba, sauraro take yi: ta bi sautin kowane fayil, in biyu sun yi kama, ta haɗa su. Ya danna. Ta yi ta aiki har aka kira la'asar. Da ya dawo daga masallaci ta gama: maimaici dubu uku da ɗari tara da arba'in.

Ya duba shafin farko. Gaskiyarta. Ga waƙa ɗaya an ajiye ta a foldar soyayya, an ajiye ta a foldar sababbi, an kuma ajiye ta a wata da aka rubuta wa "na Alhaji mai tifa". Ya duba shafi na biyu, haka. Shafukan sun fi ɗari. Wata yarinya tana tsaye tana jiran a saka mata karatu a waya. A ƙasa an rubuta cewa za a bar mafi kyawun sauti a kowane rukuni, a cire sauran. Ya zaɓe su duka, ya danna. Sannan ya shiga kwandon shara ya zazzage shi, don in bai zazzage ba wurin ba zai fito ba.

Layin ya bar ja ya koma shuɗi.

Ya daɗe yana kallonsa. Kafin magariba ya cike rabin wurin da sababbin fina-finan fassara da tafsirin bana, abubuwan da ake ta tambaya suna cewa babu. Ya yi saƙon murya a guruf, gajere: "Ni na gwada. Masu surutu su gwada tukuna."

Ranar Alhamis wajen hantsi wata mata ta yi sallama. Za ta kai shekara talatin, da goyo a baya da ledar magani a hannu.

"Sama'ilun ba ya nan?"

"Ya yi tafiya. Me za a saka?"

"Kai ne ƙanin nasa? Ai kamar ta nuna. Sunana Nafisat, daga Gwiwa. Wayata ce ta faɗa a bahon wanki, memorin ya tafi da komai." Ta miƙo sabon memori, ko ɓare shi ba a yi ba. "Waƙar bikina nake so. Ta Daudu."

Musaddiƙ ya san Daudu, kowa a yankin ya san shi. Mutumin Roni ne, mai fiyano da ƙaramin sitidiyo a soron gidansu. Waƙar biki ɗaya gare shi tal, kuma da ita ya yi shekara goma sha ɗaya yana aurar da mutane. Kiɗa ɗaya, baiti ɗaya, amshi ɗaya. In an kawo masa aiki sai ya buɗe tsohon kiɗan, ya sake rera wurare huɗu kawai: sunan amarya, sunan ango, sunan iyaye, sunan gari. Ba wanda abin ya dama. Kowa ya san ta maƙwabcinsa irin tasa ce, amma tasa ce ke da sunansa. Da Daudu ya bar waƙa ya sayar da kayan sitidiyon, sai ya kawo wa Sama'ilu duka waƙoƙin a filas ɗin kwamfuta ya ce a ajiye, saboda masu ita za su riƙa zuwa nema. Suna kuwa zuwa, wata ɗaya mutum biyu, wata ɗaya ba kowa. Guda ɗari biyu da sittin da uku ne. Sama'ilu ya juye su a kwamfuta tun kafin filas ɗin ya lalace, ya zauna ya rubuta wa kowace sunan ma'auratan da garinsu.

"Sunan angon?"

"Abdulnasir. Shekara tara ke nan."

Ya rubuta Nafisat a Shuɗiya. Ba komai. Ya rubuta Abdulnasir, ta kawo wani mai wa'azi. Ya rubuta Daudu. Layi ɗaya ya fito.

Ya rufe ta ya bi tsohuwar hanya, folda cikin folda, har ya isa. Fayil ɗaya ne a ciki, a can sama, sauran wurin fari fat.

"Ka samu?"

"Ina zuwa."

Bai san dalilin da ya sa ya kunna ba. Fiyano ya tashi daga sifikun bakin ƙofa, da gangar nan mai tsalle. Fuskar Nafisat ta saki. Ta fara jijjiga goyon tana bin amshin ƙasa-ƙasa, ba ta kuskure ko kalma ɗaya ba. Da aka zo wurin suna ta buɗe baki, sai Daudu ya ce Shatu, amaryar Muhammadu Lawal, 'yar Achilafiya.

Ta tsaya. Sannan ta yi dariya.

"A'a, ƙanina, ka aurar da ni ga wani. Wannan ta wasu ce. A tawa akwai inda yake cewa 'yar Maikasuwa na Gwiwa. Babanmu ke nan. Yarana ba su riske shi ba, a nan suke jin sunansa. Babbar har rawa take yi in an zo wurin."

"Kwamfutar ce ke ɗan gardama," in ji Musaddiƙ, idonsa a allo. "Za ki iya dawowa?"

"Ina gidan yayata har Asabar, sai an gama yi wa wannan allura."

"To ranar Asabar."

Ta karɓi memorinta ta tafi. Ya kashe waƙar.

Ya san akwai manhajar dawo da abin da aka share, ya taɓa yi wa mutane. Ya kuma san ba ta aiki in an riga an zuba wani abu a wurin. Duk da haka ya saka ta. Ta yi yini tana tono, ta fito da tarin fayiloli marasa suna, lambobi kawai. Baƙa ta ƙi su. Shuɗiya ta ƙi su. Ya ba Mai-lemo. Ita ta karɓa, kamar kullum. Na farko ya ba da daƙiƙa shida na fiyanon Daudu, sai ƙara, sai muryar mai fassara yana cewa wani ya sauke bindiga. Na biyu shiru ne daga farko har ƙarshe. A na goma sha wani abu ya ji rabin suna, Hafsa ko Hafsatu, bai san ta wane gari ba. Ya bi guda sittin ya daina.

Da yamma ya rubuta a guruf cewa wani abokinsa ne sabuwar ta share wa waƙoƙin biki, ta ɗauka maimaici ne, ko akwai dabara.

Aka fara dariya. Na Gwiwa ya ce ai ya faɗa. Na Babura ya ce laifin abokin ne, akwai ɗan akwati a gefe da ake cire foldar da ba a so ta taɓa, ko makaho ya gan shi. Dattijon nan ya turo hoton Baƙa ba tare da ya ce komai ba. Aka koma rigimar madannin ganga. Can ƙasa Zaharadeen ya rubuta kalma biyu: "Wane abokin?"

Musaddiƙ ya kife wayar a tebur.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya nemo lambar Daudu. Yanzu ƙusa da kwanon rufi yake sayarwa a kasuwar Babura. Ana jin bugun ƙarfe a bayansa.

"Wa ke magana? Au, ƙanin Sama'ilu. Ya mutan gidan?"

"Lafiya lau, Malam Daudu. Dama a kan waƙoƙin nan ne na biki. Na ce ko akwai wani kwafin a wurinka."

"Wurina? Ni ko a wayata babu. Na wanke hannuna daga wannan harka, ka sani. Ai duk suna wurin yayanka, shi na ba amana. Wani abu ya faru ne?"

"A'a. Tambaya ce kawai."

"To madalla. Ka ce ina gaishe shi. Kai, ba wannan ba, mai inci uku!" Ya kashe.

Musaddiƙ ya zauna a benci. Waƙoƙin ba su ɓace daga duniya ba, ya gaya wa kansa. Suna nan a wayoyin mutane, a Roni, a Gwiwa, a ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina, a wayoyi masu fasasshen gilashi da aka ɗaure da kyauro. Sai dai wanda tasa ke wayarsa ba ya zuwa shago. Wanda ya rasa ne yake zuwa. Ya yi tunanin ya cire Shuɗiya, ya fitar da sababbin fina-finan, ya mayar da layin ja yadda yake. Hakan zai ɓoye abin sati biyu, wataƙila wata guda, har a ba shi shagon. Amma Nafisat za ta zo gobe. Ya yi tunanin ya tare ta a hanya. Bai san gidan yayarta ba. Ya yi tunanin ya kira Sama'ilu ya faɗa masa tun yana Dutse, ya gama fushin a mota. Ya fito da lambar, ya kalle ta, wani ya shigo yana son waƙoƙin ƙwallo, ya tashi ya tura masa.

Sama'ilu ya iso ranar Asabar wajen ƙarfe goma, kai tsaye daga tasha. Ya ajiye jaka, ya sha ruwa, ya zauna a kujerar. Ya ga shuɗin tambarin a allo. Bai juyo ba.

"Me na ce maka?"

Musaddiƙ yana tsaye a jikin bango.

Sama'ilu ya ja mawus zai cire ta, sai idonsa ya kai kan layin rumbun. Ya tsaya. Ya matso da fuskarsa. Ya buɗe foldar fina-finai ya ga sababbin. Ya ja tsaki, amma mara ƙarfi. Ya buɗe Shuɗiya da yatsa ɗaya kamar mai taɓa abin da zai iya cizo. Ya rubuta harafi uku na wata tsohuwar waƙa da shi kaɗai ya san inda take. Ta fito. Ya gwada wata, ta fito. Ya kunna biyu a jere, ƙararsu ɗaya.

"Fararen faifan nan dai ba su da kyan gani," ya ce.

"Ana iya kashe su."

"Hm." Ya jingina. Ya daɗe yana kaɗa ƙafa. "A Dutse ma irin abin da suka yi ta faɗa mana ke nan. Wai mutum kada ya tsaya inda ya saba." Ya shafa gemu. "Jiya Zaharadeen ya kira ni, wai yana da magana. Na ce masa ya haƙura, shago yana da mai shi. Ban ma bari ya ƙarasa ba."

"Yaya."

"Ka bari, na san na matsa maka. Ranar Litinin za mu je wurin mai ginin, ya san kai ne a wurin yanzu."

"Yaya, akwai..."

"Salamu alaikum."

Nafisat ce, da goyonta, da memorin a tafin hannu. Sama'ilu ya miƙe da fara'a.

"A'a! 'Yar Maikasuwa! Yaushe a gari? Ya Abdulnasir, yana nan yana fama da injin markaɗen?"

"Yana nan. Shekaranjiya na zo, ƙaninka ya aurar da ni a Achilafiya."

"Ta Daudu kike nema? Yanzu kuwa. Zauna ki ga sabon abu, ko ni yau na koya."

Ya koma kujera ya rubuta sunanta. Ya jira. Ya goge, ya rubuta Daudu. Layi ɗaya. Ya ɗan yi dariya, ya ce kin ga irin halin sababbin nan, ya rufe ta ya buɗe Baƙa. Tsohon jerin da ya haɗa da hannunsa yana nan a cikinta, sunaye ɗari biyu da sittin da uku, kowanne da garinsa. Ya gangara ya sami Nafisat da Abdulnasir, Gwiwa. Ya danna.

Ba sauti. Baƙa ta nemi fayil ɗin ba ta samu ba, ta tsallaka na ƙasa. Ba ta samu ba, ta tsallaka. Alamar ta riƙa gangarowa da kanta, Sadiƙa da Salisu, Bahijja da Kawu, Ihsan da wani, suna bayan suna, da sauri, korayen layukan suna kwance ba motsi. Su uku suna kallo. A waje wata adaidaita ta wuce tana hon. Jaririn ya yi atishawa.

Alamar ta kai ƙasa ta tsaya.

Sama'ilu bai ɗaga murya ba. Hannunsa yana kan mawus, idonsa a allo.

"Musaddiƙ, ina ka kai su?"